Taku Huɗu na Suwaiba

Ranar Talata, 16 ga watan Agusta, 2022, gari ya waye da hadari a Tsarnawa, amma ruwan ya ƙi sauka. Inna Hafsatu ta dama kunun kanwa ta zuba a kwano. Jiya aka yi wa surukarta Ikilima aiki a asibitin Ƙonni, aka ciro ɗa namiji. Gida na ta murna, ita kuwa gabanta faɗuwa yake yi.

Shekara shida ke nan da 'yarta Suwaiba ta haihu. Kwana goma sha ɗaya ta yi a kwance, Inna na jinyarta. Ran na sha biyu mijinta Almoustapha, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya kama hannunta don ta taka zuwa ƙofa. A taku na huɗu ta dafe ƙirji, ta faɗi a jikinsa, ba ta sake numfashi ba. A gaban masu zaman makoki Inna ta ce shi ya miƙa ta ga abin da ke jiran mai jego a bakin ƙofa. Ya nemi canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye bayan Illela, ba a sake jin muryarsa ba.

Da ta isa asibiti da autanta Sadiƙu, mijin Ikilima, ɗakin shiru yake, sai fanka da ke kuka a sama. Madam Zahara'u, mai jinyar ɗakin, ta riga ta faɗa wa Ikilima cewa yau za ta tashi ta taka. Inna ta ajiye kwano, ta zauna a ƙarshen gado.

"Auta, in ka ɗaga yarinyar ga, ban yahe maka nonon da ka sha ba."

Sadiƙu ya sunkuyar da kai. Shekara uku ya yi yana jigila a taksin Dogarawa kafin ya auri Ikilima, bai taɓa ganin hawayenta ya iya cin abinci ba. Yanzu ga su suna bin kuncin Ikilima. Ita ce ta yi masa alama da ido ya yi haƙuri.

Da azahar Inna ta ɗaga rigar Ikilima don ta gyara mata zane, sai ta ga wani tabo baƙi-baƙi a gefen cikinta, irin wanda tsofaffi ke cewa yatsan maye ne. Tana cikin karanta addu'a sai ta ga zanen da ta lulluɓe ƙafafun yana motsi, sama da ƙasa, a hankali, alhali idon Ikilima a rufe. Ta ja da baya har ta ture kwanon kunu.

"Ni ce, Inna," Ikilima ta ce a hankali. "Madam ta ce in riƙa motsa tafin ƙafa. Ban so in ɓata miki rai ba."

Ƙarar kwanon ce ta kawo Madam Zahara'u. Ba ta yi faɗa ba. Ta ja kujera, ta bayyana cewa tabon wurin allura ne, wadda ake yi don kada jini ya daskare. Ta ce jinin mai jego, balle wadda aka yi wa aiki, yana saurin yin guda a jijiyar ƙafa in ta daɗe a kwance. Gudan kan ɓalle ya bi jini ya toshe huhu. Shi ya sa ake son motsi da wuri, da shan ruwa, da allurar.

Inna ta ba ta labarin Suwaiba. Madam ta tambayi kwana nawa ta yi a kwance, sannan ta tambaya ko ƙafa ɗaya ta kumbura.

Inna ta daɗe tana kallon hannuwanta. Ta hagu ce. Ta yi zafi, ta kumbura tun kwana na takwas, ita da kanta ta riƙa murza ta da man shanu safe da yamma, tana hana ta sauka ko da bakin gado.

"Ke nan ba Almoustapha ba ne," in ji ta.

"Kwananta ne ya ƙare, Inna. Kin yi abin da kika sani. Amma tashin bai kashe ta ba."

Sadiƙu ya durƙusa a gaban uwarsa. Ita ta miƙe, ta yaye zanen, ta kama hannun dama na Ikilima, ta ce masa ya kama na hagu. A waje aka fara yayyafi. Leɓunan Inna na ƙirge: ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ta tsaya cak, ta rufe ido, ta ƙanƙame hannun.

"Inna, kina matse ni," Ikilima ta ce, tana murmushi, ta ɗaga ƙafa ta yi na biyar.

Ranar suna Ikilima da ƙafarta ta fito tsakar gida. Haƙurinta ya tsare mata lafiya, ya kuma tsare wa mijinta albarkar uwa. Ƙauna in babu sani takan cutar da wanda take son karewa, kuma mai jinya nagari shi ne mai jin maganar masu ilimin abin.

Washegari Inna ta sa Ikilima ta ɗauko takarda. Ba su da lambar Almoustapha, sai sunan lakwal ɗinsa. Layi uku ta faɗa: cewa ta zalunce shi, cewa ta sani yanzu, cewa tana roƙon gafara. Takardar ta yi mako biyu a ƙarƙashin tabarmarta. Ranar Laraba ta shiga motar Sadiƙu zuwa Ƙonni, ta tsaya a gidan waya, ta miƙa ta da hannunta.