Marin da Baba Ya Gani a Waya

"A mayar musu da kayansu!"

Kofin shayin da na kawo wa Baba ya kusa suɓuce mini.

"Baba..."

"Bushira, ban haife ki don wani ya mayar da ke jakarsa ba!"

Wayar Sadiq ce a hannunsa, ɗan ƙaninsa, wanda tun bara nake ce masa a'a yana dawowa. A cikinta Mujitaba ne, Mujitabana, yana sharara wa wata mace mari har ta kife.

"Wallahi fim ne, Baba!"

"Hannun da ya iya wannan da wasa zai iya da gaske," in ji Sadiq, ko kunya babu.

Saura wata ɗaya bikinmu.

Lokacin da na san Mujitaba, ɗan Bebeji ne da ke fitowa maigadi a wasan talabijin, maganarsa ɗaya tak: "Alhaji ba ya nan." Sai finafinai biyu. Yanzu kuwa shiri mai dogon zango da ake sakawa a intanet duk Laraba, shi ne mugun miji. Har a kasuwar Doguwa mata na tsine masa.

Na kira shi ina kuka.

"Zan bar shirin, rabin raina. Yau ɗin nan."

"Ban yarda ba! Wata rana za ka kalle ni ka tuna abin da na raba ka da shi."

Sai ya kawo shawara.

"Jibi muna aiki a bakin dam ɗin Tiga, ki roƙi Baba ya zo ya gani."

Kwana biyu ina durƙusa wa Baba. "Ka je ka gani da idonka. In ka dawo ka ce a'a, na haƙura."

Ya je, ina bayansa.

Darakta ya ce a fara. Mujitaba ya ɗaga hannu, sai idonsa ya faɗa kan Baba.

Hannun ya tsaya a sama.

Aka sake. Ya sake tsayawa.

"Mujitaba! Rana za ta faɗi!" darakta ya daka tsawa.

Saude, wadda ke fitowa matarsa, ta matso ta gaida Baba. "Baba, hannunsa ko mayafina bai taɓa taɓawa ba. Wancan mai jar hular ne ke tafi a bayan kyamara, ni kuma in faɗi."

Baba ya yafito Mujitaba, ya zo ya tsugunna.

"Duk halayen duniya, me ya sa sai wannan?"

Mujitaba ya ce, "Baba, yayata Furera shekara shida tana shan wannan a gidan miji, muna cewa ta yi haƙuri. Da kunne ɗaya take ji yanzu. So nake duk mai yi ya kalle ni ya tsani kansa."



Baba ya dube shi.

"Tashi ka yi aikinka, mutane na jira. Ka gaya wa magabatanka ranar biki tana nan."

Ya juyo gare ni.

"Ke kuma share hawayen nan, kada su ɗauka da ke ake fim ɗin."