Hanyar da Reino Ya Rufe

A watan Disamba rana ba ta fitowa a ƙauyen nan na arewacin Finlan, sai dai wani haske mai launin toka ya leƙo da hantsi, kafin ƙarfe uku na yamma ya tattara ya tafi. A daidai lokacin Reino yake dawowa gida. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana kula da hanyoyin daji na ƙauyen. Da bazara ya sare rassa ya gyara gadojin katako saboda masu tafiyar ƙafa da masu keke, da hunturu kuma ya ɗaura ƙarfe a bayan babur ɗin ƙanƙara yana zana wa masu zamiya da alluna a ƙafa layi biyu cikin dusar ƙanƙara.

Su biyu ne a gidan, shi da 'yarsa Sirkku mai shekara ashirin, wadda take aiki a shagon hayar kekuna. Tun da matarsa Orvokki ta rasu shekara uku baya, maganar gidan ta yi ta raguwa har ta koma "ga kofi" da "sai da safe".

Ran nan suna zaune suna shan miyar kifi, ba abin da ake ji sai cokali, sai wani abu ya daki rufin kwano ya gangaro.

"Ƙanƙara ce ta zame," in ji Sirkku.

Aka sake. Aka kuma sakewa.

Reino ya ɗauki tocila ya fita. Babu sawun kowa a tsakar gida. Sai ramuka uku cikin dusa, kowanne yana fitar da tururi. Ya sa hannu ya zaro dutse baƙi ƙirin da hayaƙi, da ɗuminsa kamar burodin da aka sauke yanzu. Ya san dutsen. Na murhun tsohuwar bukkar bakin tafki ne, tafiyar kilomita goma sha ɗaya, inda matafiya suke tsayawa su ji ɗumin wuta. Da kaka kwamitin ƙauye ya yanke a rufe hanyar can, tunda kowa ya koma sabuwa mai fitilun lantarki kusa da masaukin baƙi. Shi da hannunsa ya tuge alamun hanyar, ya buga wa ƙofar bukkar ƙusa takwas.

Ya ajiye duwatsun a bayan itacen wuta, ya koma ciki.

"Mene ne, Baba?"

"Ba komai."

Kullum duhu ya sauko sai duwatsu su sauko tare da shi. A rana ta huɗu aka ƙara da muryoyi. Sukan ji mutane a bakin ƙofa suna buga takalma don kakkaɓe dusa, su ji ƙarar kofunan ƙarfe da dariyar wasu can ƙasa-ƙasa, in an buɗe kuma babu kowa sai itatuwa a tsaye. Maƙwabcin da ya fi kusa yana kilomita huɗu, Reino bai gaya masa ba. Sirkku ta daina cin abinci. Takan zauna ta miƙa tafin hannuwanta ga bango, kamar mai jin wuta a inda babu wuta.

A rana ta shida ya dawo ya tarar da ƙofa a buɗe, takalmanta a ciki. Sanyin ranar ya kai digiri ashirin da takwas ƙasa da sifili. Ya bi sawun safa har bakin tsohuwar hanyar, ya hango ta tana kutsawa cikin dusa iya gwiwa, daga ita sai rigar zaman gida.

"Sirkku!"

Ta juyo a hankali. Muryar da ta fito daga bakinta ta wani tsoho ce, mai nauyi, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Wutar ta mutu. Ba wanda ya zo."

Ya naɗe ta da rigarsa ya saɓo ta gida. Nas ɗin ƙauye ta zo ta ɗaure mata yatsun ƙafa da sanyi ya ci, ta duba ta sarai ta ce ba ta ga wani ciwon ba. Sai da ta kai bakin motarta ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "In ni ce kai, da Kreeta zan kira."

Kreeta tsohuwar malamar makaranta ce, ta haura tamanin, ta gaji yin ƙaho da tsofaffin kalmomin asiri wurin mahaifinta. Washegari da la'asar Reino ya ɗauko ta. Ta sa ya kawo duwatsun, ta jera su a kan tebur, ta ce a dafa kofi a zuba a kofuna huɗu. Ta ajiye ɗaya gaban kujerar da babu kowa. Sannan ta kama hannun Sirkku ta yi ta karanta wani abu a hankali har fitilar ɗakin ta dusashe.

Kan Sirkku ya ɗago.

"Ke 'yar Aapo ce," in ji muryar. "Ubanki yakan bar mini taba a kan taga."

"Ni ce, dattijo. Me ya kawo ka gidan mutane?"

"Mutanen ne suka daina zuwa nawa. Tun bukkar tana ta masu kiwon barewa nake wurin. Na ga masu saran itace, na ga masu zamiya da yaransu a goye. Ban taɓa cutar da kowa ba. Su hura wuta, su yi taɗinsu, ni ina daga lungu ina ji. Sai wannan ya zo da guduma."

Reino ya sunkuyar da kai.

"To me kake so da yarinya?"

"Ita ce ta ƙarshe da ta zo. Da kaka, a kan keke, ita kaɗai. Ta zauna ta yi ta yi wa uwarta magana tana kuka. Na ce ashe akwai mai irin ciwona. A ba ni ita hunturun nan, da bazara in dawo da ita."

"Gawa za ka dawo da ita," in ji Kreeta. "Jikinta ba irin naka ba ne. Kwana ɗaya ma ba zan ba ka ba."

Wani dutse ya mirgina da kansa ya faɗo daga tebur. Kreeta ba ta ko motsa ba.

"Ka yi ta jifa. Na san kalmar da zan ɗaure ka da ita a ƙarƙashin tafkin, inda ba za ka sake jin ko tarin mutum ba. Ba na son faɗinta. Nemi wani abin."

Reino ya ɗago kai. Ya sa baki a karon farko.

"Zan cire ƙusoshin. Zan share hanyar a lokacin hutuna, ko kwamiti bai ce ba. Duk Lahadi zan zo in hura wuta."

Idanun Sirkku suka juyo gare shi, suka daɗe a kansa.

"Wannan? Shekara talatin yana shigowa bukkar, ban ji ya haɗa kalma goma ba. Wuta ba hira, me zan yi da ita?"

"Zai yi magana," in ji Kreeta. "Ko ba haka ba, Reino?"

"Zan yi."

"To na karɓa. Amma ran da ya yi shiru, na san hanyar gidan nan."

Sanyi ya ratsa ɗakin, ƙofar waje ta buɗe ta rufe a hankali. Sirkku ta kife a kan tebur. Da ta farfaɗo, da muryarta ta ce yunwa take ji.

Ran Lahadi Reino ya loda duwatsun ya tafi. Ya zare ƙusoshin, ya mayar da kowane dutse gurbinsa, ya hura wuta, ya zauna. Ya fi awa bai san abin da zai ce ba. Daga ƙarshe ya ba da labarin yanayin sama da tsadar man fetur, ya tashi yana jin kunya. Lahadi ta biyu ya ɗan fi haka.

Sai a watan Maris yatsun Sirkku suka warke. Wata Lahadi ta ɗaura allunan zamiyarta ta bi layin da ya zana, ita kaɗai cikin farin daji, har ta hango hayaƙi. Tun daga waje take jin muryarsa. Yana ba da labarin ranar da ya fara ganin Orvokki a wannan bukkar, ta karya allo ɗaya tana zagin dutsen da ya karya shi, da yadda ya ba ta nasa ya tako a ƙasa har ƙauye. Sirkku ba ta taɓa jin labarin ba. Ta tsaya har sanyi ya fara cizon fuskarta, sannan ta ƙwanƙwasa.

Maganar ta tsaya cak.

"Wane ne?" in ji shi.

"Ni ce, Baba. Mutum ce."

Ya buɗe, ya tsaya yana kallonta, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ta wuce shi ta zauna a kan benci, ta bar lungun can yadda yake, ta miƙa masa kofi.

"Zuba mini," ta ce. "Kuma daga farko za ka sake ɗaukowa, ban ji farkon ba."