Sashen da Ba Ta Mayar Ba

Gab da magariba ta karɓo kwamfutarta daga wurin mai gyara. "Na sa miki sabuwar taswirar ƙwaƙwalwa, kyauta," in ji shi, ko kallonta bai yi ba.

Ɗalibar likitanci ce, ga jarrabawa ta matso. Taswirar irin wadda ake juyawa da yatsa ce, ka taɓa sashe ka ɓoye shi don ka ga na ƙarƙashinsa.

Tana buɗe taswirar a falo, mijinta da ke kishingiɗe ya soma tsiyar da ya saba. "Likitar gobe! Da kin san wahalar banza kike, da kin..."

Daidai nan ta ɓoye sashen magana. Bakinsa na motsi, babu sauti. Ta mayar da sashen.

"...koma kicin," ya ƙarasa, yana dafe da maƙogwaro.

Mai hankali da rufewa zai yi. Ita dariya ta yi, haushin da ta daɗe tana haɗiyewa ya samu ƙofa. Ta ɓoye sashen daidaita tafiya, ya miƙe ya kife kan tebur. Ta mayar. Ta ɓoye na gane fuska.

Ya ƙura mata ido. "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Sai wani wari ya taso, irin na ɗakin gawar makarantarsu. Fanka ta tsaya cak. Hoton ya juya da kansa ya zama wata ƙwaƙwalwar, tana harbawa daidai da jijiyar goshinta.

Wani yatsa ya bayyana daga cikin gilashin kwamfutar. Dogo, ba farce.

"Kin yi wasanki," aka raɗa. "Saura ni."

Yatsan ya gangara ƙasa, inda ta haddace da safe. Mazaunin numfashi.

Ƙirjinta ya ƙulle.

Ta maka kwamfutar da ƙasa. Ta taka, ta sake takawa, har gilashi ya shige mata dunduniya.

Sai da numfashi ya dawo ta tuna ba ta mayar wa mijinta sashen gane fuska ba.

Mai gyara ya rantse bai sa mata komai ba. A asibiti an ɗauki hoton kan mijin, aka ce lafiyarsa ƙalau. Har yau yana gane muryarta in tana bayan ƙofa, ya kira ta da murnarsa. Tana shigowa sai ya ja baya, ya sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri," yakan ce. "Matata nake jira."