Layin da Ke Bangon Falon Baba

Auta ta kasa zama. Ta leƙa falo, ta koma kicin, ta sake leƙowa da cokali a hannu. Saurayinta, mai fenti, yana kan tsani yana ƙarasa aikin da Baba ya ɗora masa.

Littafi ɗaya Baba ya taɓa so a duniya, wani tsohon labarin masoya biyu da takardunsa suka yi ja don tsufa. Da mai fenti ya zo neman aure, Baba bai ce a'a ba. Shi sharaɗi yake kafawa. A zana masa tafiyar littafin a bango, layi ɗaya, ya hau inda masoyan suka ji daɗi, ya sauka inda suka sha wuya. Wanda ya gane labarin, in ji shi, ya gane aure.

Baba ba ya ba da aron nasa, sai yaron ya samo wani a laburare. Kwana tara yana aiki. Layin ya tashi daga gefen soket, ya gangara bayan kujera, a ƙarshe ya miƙe har ya kusa taɓa silin.

Baba ya daɗe yana kallo.

"Wannan hawan na ƙarshe fa?"

"Aurensu ne, Baba," in ji mai fenti.

"Shekara talatin ina karanta shi. A tashar jirgi suka rabu, shi ke nan."

Ya ce wanda zai yi wa littafi ƙari zai yi wa mace ƙarya, ya sa aka rataya labule a kan zanen.

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta roƙi saurayin ya shafe hawan, aikin minti biyar ne, ya ce sori a wuce wurin. Shi kuwa ya ce ba zai shiga gidansu da ƙarya ba. Kullum yana zuwa gaisuwa, Baba yana amsawa idonsa a kan labule.

Bayan mako uku Mama ta buɗe akwatinta, ta ajiye wa Baba shafi goma sha ɗaya na ƙarshen littafinsa kusa da kofin shayinsa.

"Ka ba ni aronsa tun ba ka gama ba, lokacin mahaifina ya ƙi ka. Nan ne kaɗai ke kwantar mini da hankali, sai na cire."

"Kuma kika yi shiru?"

"Kai ka ce ƙarshen ya burge ka. Ni wace ce?"

Baba ya karanta har shayin ya huce. Da kansa ya sauke labulen, ya ce hawan ya ɗan karkace, amma a bari sai bayan biki a gyara.

Haƙuri ya biya Auta da saurayinta. Kuma kafin mutum ya rantse a kan ƙarshen labarin wani, gara ya duba ko shafukansa sun cika.