Muntari Akawun Albasa

Duk wanda ya zauna Jega a shekarun farko na jihar Kebbi ya san Muntari akawu. Ni na san shi tun yana yawo da silifas mai ɗinki, kuma ko a lokacin idonsa ba ya sauka daga kan abin hannun wani.

Aiki yake a wani kamfanin sayen albasa da ke bakin kasuwa. Kamfanin na ɗaukar kaya daga manoman Aliero da ƙauyukanta, sai an kai Kudu an sayar a biya su. Yawancin manoman ba sa zuwa Jega, direba ko dillali ke karɓar musu. Da mai kamfanin ya sayo kwamfuta, Muntari aka ɗora a kanta. Kowane manomi da shafinsa. In wani ya karɓi kuɗi a madadin manomi, sai a shigar a shafin mai kayan, a sa sunan wanda ya karɓa. Muntari ya lura zai iya rubuta an biya mutum ta hannun direba, ya soke kuɗin a aljihu. Abu ɗaya ya hana shi: manomin zai zo ya yi magana.

Wannan ya kai shi wurin Gudiya, wata bokanya a dajin bayan Maiyama. Da tsakar rana ya isa, amma ko kukan tsuntsu babu a wurin. Ɗakin tsafinta tsohon rumbu ne da aka fasa wa ƙofa, sai da rarrafe ake shiga. A ciki wari kamar na ruɓaɓɓiyar albasa. Akwai baƙar tukunya an ɗaure wuyanta da jan ƙyalle, gashin kaji ya manne a jikinta da busasshen jini, ga ƙoƙon kan bunsuru a kife a bakinta.

"Mi kaka so?" in ji ta, ba ko sannu.

"Bakin mutane nika so a rufe, Inna."

"Ni ban haihe ka ba, bar ce min Inna. Ɓarawo kake, hwaɗi gaskiya."

Muntari ya yi mata bayani. Ya ce zai ba ta sa, ko biyu ma.

"Riƙe shanunka. Abin da ke cikin tukunyag ga ba shi cin ciyawa. Kuma ba shi son a yi ƙarya da sunanai. Duk wanda kar rubuta an biya, to sai an biya shi."

"Wa za shi biya?"

"Ina ruwanka? Kai dai ba kuɗɗi kaka so ba? In kana tsoro, ga ƙofa."

Bai fita ba. Ta tambaye shi su wa ke cin tuwo a gidansa. Ya lissafa: matarsa Murjanatu, 'yarsu Husna, da ƙanensa Ummaru, wanda direba ne a kamfanin. Kowane suna ya faɗa sai ta jefa tsakuwa a tukunyar, ba a jin ƙarar faɗuwarta. Sannan ta tsaga kan yatsunsa da aska, ta yanka jar albasa ta goga a kai har ya yi ƙara. Ta ba shi baƙin gari a ƙaho, ta ce ya shafa a yatsu kafin ya taɓa na'urarsa.

Abin ya ci. Manomi zai taso tun daga ƙauye da fushinsa, ya tsaya gaban teburin Muntari, sai ya yi ta sosa ƙeya, ya rasa abin da ya kawo shi, ya gaishe shi ya juya. Na ga Malam Sambo na Jiga Makera, dattijo mai iyali da yawa, ya yi wannan tsayuwar. A shekarar nan sai da ya sayar da shanun nomansa don ya ci da gida. Shi kuwa Muntari ya tayar da gida a unguwar Jega Firchin, ya zuba babura a tasha, ya sayi bas-bas. Wanda ya gaishe shi bai rusuna ba, ya zama abokin gaba.

Ummaru aka fara ɗauka. Da sunansa Muntari ke rubuta yawancin kuɗin da ya sace, shi bawan Allah bai sani ba. Motarsa ta kife a hanyar Aliero da rana tsaka, hanya fetal, buhunan albasa suka danne shi. Muntari ya yi zaman makoki, ya koma kan kwamfutarsa. Sai Husna ta kwanta da zazzaɓi. Matan da suka yi jinyarta sun ce warin da ke tashi daga jikinta ba na mai rai ba ne. Ba ta tashi ba.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, Murjanatu ta fito ba mayafi, ta ratsa 'yan hatsi, ta hau kan buhuna ta shiga kiran sunaye da wata murya mai kauri wadda ba tata ba. "Sambo na Jiga Makera, an biya ka da Husna! Ka ji? An biya ka!" Duk manomin da ta ambata sai ya zabura kamar wanda aka watsa wa ruwa, ya tuna kuɗinsa.

Manoman suka yi wa kamfanin tsinke. Malam Sambo ne a gaba.

"Kai Muntari, la'ananne! Ni nac ce maka ina son ran ɗiyarka? Albasata nika biɗa! Ka ci guminmu, ka kuma ɗora muna jini!"

Muntari ya sha da ƙyar ta ƙofar baya, ya hau babur sai dajin Maiyama. Ya tarar da Gudiya a bakin rumbunta tana tsince wake. Ya faɗi ƙasa yana roƙo, ya ce zai gyara kowane shafi, zai mayar wa kowa haƙƙinsa.

"Gyara mana," ta ce. "Ka iya gyara kabari? Tashi ka ba ni wuri."

Mai kamfanin ya kira manoma da direbobi, aka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Aka sayar da gidan, da motocin, da baburan, ba su kai ba. Muntari ya yi zaman kurkuku ya fito. Murjanatu tana gidan iyayenta, an sa mata mari a ƙafa, in ta hango shi sai ta yi ta tofa yawu.

Shi kam Allah bai ba shi sauƙin hauka ba. Yana nan da hankalinsa garau, yana dako a tasha, ya san abin da ya yi da wanda ya yi wa. Ba mai zama kusa da shi a masallaci.

Kai da aka danƙa wa amanar lissafin mutane, ka ji tsoron Allah. Kuɗin da aka karɓar wa mutum, ka tabbata ya kai hannunsa kafin ka rubuta an biya. In kwaɗayi ya ja ka ƙofar boka, ka waiwaya ka dubi mutanen gidanka da kyau, domin da su za ka yi cinikin.