Wake a Ƙasan Kwano

Ranar da Harisu ya fara ganin Amani, kuɗin burodi biyu ne kaɗai a aljihunsa. Yaƙi ne ya koro shi daga Khartum, ɗan jami'a ya koma ɗan dako a kasuwar Gadarif. Ya riga ya haddace dabarun talaka: tafiyar ƙafa maimakon hawa raksha, keken haya mai ƙafa uku, ruwan tulun masallaci, cin abinci sau ɗaya a yini.

Abincin kuwa bosh ne, wato gutsuren burodi a ruwan da aka dafa wake. Waken kansa sai masu hali.

"Bosh ɗaya, 'yar'uwa," ya ce a rumfar Baba Daudu mai wake, kansa a sunkuye.

Amani, 'yar mai rumfar, ta miƙo masa kwano tana murmushi. Da ya ci ya kai ƙasa, sai ga wake a kwance. Haka kullum har wata biyu, bawan Allah ya ɗauka haka ake yi a garin. Kafin nan so ya kama su, ita tana ce masa Mai Bosh, shi yana ce mata Habibti.

Ran nan Baba Daudu ya tambaye shi, "Ya zol, kai saurayi, yaya ka ga garin namu?"

"Wallahi Baba, bosh ɗinku ya fi na Khartum. Ku har wake kuke sawa a ƙasa!"

Ludayi ya suɓuce daga hannun Amani. Baki shi ke yanka wuya.

"Da wakena ake kiwonka?" in ji tsohon. "Wanda ya kasa sayen wake ne zai riƙe mini 'ya?"

Ya hana ta zuwa rumfa, ya fara sakar wa Hamad dillalin riɗi fuska, wanda ya daɗe yana kawo gaisuwa.

Abin ya ci Harisu a rai ƙwarai. Ya rubuta mata: "Ashe sadaka kike ba ni, ni ina ɗauka so ne. Ma'alesh, ba komai, na gode." Ya hau motar masu yankan dawa zuwa Gadambaliya. Can ya yi ta aiki kamar mai fushi da jikinsa.

Sai bayan kwana goma sha biyu wayarsa ta kama sabis, saƙon Amani ya shigo:

"Mai Bosh, ba na Baba ba ne. Rabona ne na rana nake zuba maka, ni in yini da shayi. Idan wannan sadaka ce, to ban san so ba. Na ce ba na son Hamad. Ka dawo."

Harisu ya zauna a tsakiyar gona ya yi kuka kamar yaro. Wata biyu yana ƙoshi da yunwarta, kuma ya saka mata da baƙar magana.

Da aka gama girbi ya dawo da buhun dawa, ya durƙusa a gaban Baba Daudu ya nuna masa saƙon. Tsohon ya karanta shi har ƙarshe.

"Na ce mata ɓarauniya," ya ce. "Ashe yunwa 'yata take yini da ita a gabana, ban gani ba."

Aka ɗaura auren Harisu da Amani wata Juma'a, jama'a na ta addu'ar Allah Ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Baba Daudu da kansa ya ajiye musu kwano ɗaya, wake tsibi a saman burodi.

"Ku ci tare, 'ya'yana," ya ce. "Yau a sama yake."