Koren Ƙyalle

"Ku sauke shi nan! A hankali mana!"

Tun da yaƙi ya iso garin, aikinta na ma'aikaciyar jinya a ƙofar asibiti ɗaya ne: ɗaura ƙyalle a hannun duk wanda aka kawo. Ja ga na gaggawa, kore ga wanda ya shigo da ƙafarsa, baƙi ga wanda sai addu'a. Likitan tiyata ɗaya ya rage musu, gadon tiyata ma ɗaya.

Yau kuwa yayanta aka shimfiɗe a gabanta, jini ya jiƙe shi sharkaf. Wanda ya saɓo shi a kafaɗa shi ne direban motar asibiti, wanda saura sati biyu ya zama mijinta.

Umma, wadda ta biyo su, ta damƙi rigarta. "Ɗan'uwanki ne! Kada ki bari a sa kowa gabansa!"

Ta ɗaura wa Yaya ja. Can nesa wani abu ya sake fashewa, tagogi suka amsa.

Direba ya miƙo nasa hannun yana murmushi. "Ni fa, amaryata? Ango ba ya samun ado?"

"Ka ji ciwo?"

"Jinin Yaya ne. Ba ki ga da ƙafata na shigo ba?"

Ta ga gumin da ke goshinsa. Ta ga yadda ya danne haƙarƙarinsa da gwiwar hannu. In ta ɗaga rigar nan ta ga abin da take tsoro, dole ta zaɓi ɗaya a cikinsu. Sai ta kawar da kai, ta ɗaura masa kore.

"Zauna a benci, masoyina... yanzu zan dawo."

"Ina za ni? Duk inda kike nan ne gidana."

Awa uku tana ɗakin tiyata tana miƙa wa Likita almakashi da auduga, hankalinta na kan bencin. Da azahar Likita ya zare safar hannu.

"Yayanki zai tashi."

Ta fita a guje.

Direba na nan inda ta bar shi, ya jingina kai da bango. Wata tsohuwa da ke gefensa ta ce, "Barci yake, 'yar nan. Ya ce kada a kira ki, kina aiki."

Ƙarƙashin bencin ƙudaje sun taru. Ta ɗaga rigar. Hularsa ya cusa a bakin raunin don kada jinin ya tona shi. Hannunsa ya yi sanyi ƙalau.

"Tashi mana... na dawo! Ai na ce zan dawo!"

Umma ta iso tana hawayen murna. "Ina surukin nawa? Bari in sa masa albarka!"

Ba ta juyo ba. Ta kwance koren, ta zaro baƙi daga aljihunta.

"Umma, na gani fa," ta ce, hawaye na ɗiga kan ƙullin. "Wallahi tun da safe na gani."